Kafin a Sauke Inji: Yadda Muka Auna Shan Baƙin Mai na Wata Mota a Makka

Motar ta shigo warsha, wato garejinmu, an riga an yanke mata hukunci. Mai ita dattijo ne cikin Hausawanmu na nan Makka. Ya ce a wani wurin an gaya masa injin ya gama aiki, saura taudib, wato a sauke shi a buɗe a sake ringin fistin, ko kuma a je tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci, a ɗauko wani a ɗora. Motar mai silinda huɗu ce, inji lita 2.0, fetur, babu turbo, ta ci kilomita 238,000 da 'yan kai. Aikinta zirga-zirga tsakanin Makka da Jidda, wani sa'in Madina, sai doguwar tsayuwa a rana da esi a kunne. A but akwai robar baƙin mai da ya sha rabi, wadda yake ƙarawa idan ya ga jar fitilar mai ta ɗan ƙifta yayin da yake zagaya dawwar, wato shataletale.

"Alhaji, lita nawa take sha a kilomita dubu?"

"Wallahi Mu'allim ban sani ba. Ni dai na ga tana ragewa."

Wanda ya ce masa a yi taudib shi ma bai sani ba, don bai auna ba. Muka ce ba za mu kwance noti ɗaya na cikin inji ba sai mun sami wannan lamba. Abu ɗaya muka gaya masa nan take: wannan jar fitila ba yawan mai take nunawa ba, ƙarfin tura mai take nunawa. In ta ƙifta a kwana, man ya riga ya yi ƙasa har bakin famfo yana zuƙar iska, kuma metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ne ke biyan kuɗin. Geji, sandar nan da ake zarowa a ga yawan mai, shi ake dubawa, ba a jiran fitila.

Kowane injin fetur yana shan baƙin mai, har wanda ya fito daga kamfani jiya. Fistin yana hawa da sauka ne a kan ɗan siririn mai da ke shafe a bangon silinda, kuma wani ɓangare na wannan man yana ƙonewa tare da fetur. Sandar bawul ma sai da ɗan mai take zamewa. Sannan shi kansa man yana tashi ya zama tururi idan ya ji wuta. Akwai ma gwajin da ake yi wa mai don wannan, ana kiransa Noack, inda ake ɗora shi a zafin digiri 250 na awa ɗaya a ga nawa ya tashi, kuma ma'aunin ingancin mai na API, ajin SN da SP, bai yarda ya wuce kashi 15 cikin 100 ba. Don haka tambayar ba ko mota tana sha ba ce. Tambayar nawa take sha.

A nan ne littafin mota yake rikita mutane. Littattafan Toyota da yawa sun sa iyaka a lita 1 cikin kilomita 1,000. Volkswagen da Audi sun sa rabin lita cikin kilomita 1,000. General Motors ta sa mililita 946 cikin kilomita 3,200. Waɗannan lambobi iyaka ce da kamfani ya ja don ya san lokacin da zai ɗauki nauyin gyara a ƙarƙashin garanti, ba siffar lafiyayyen inji ba ne. Motar da cikinta ke ɗaukar lita huɗu da ɗoriya, in tana shan lita ɗaya a kowane kilomita dubu, to kafin lokacin juye na kilomita 5,000 ta shanye abin da ke cikinta kaf. Ba wanda zai kira wannan lafiya. Ma'aunin da mu muke aiki da shi a wannan zafi namu shi ne: ƙasa da mililita 100 a kilomita dubu, inji garau yake. Tsohon inji da ya haura kilomita 200,000 in yana shan 200 zuwa 300, ana zama da shi lafiya. Daga 300 zuwa 500 a nemi dalili. Abin da ya haura rabin lita ciwo ne, ko da littafi ya ce bai kai ba. Wata hanyar lissafin ita ce a gwada man da fetur ɗin da motar ta ƙona, don injin da ya yi aiki mai nauyi dole ya fi shan duka biyun. Rabin kashi ɗaya cikin ɗari shi ne ƙarshen abin da ake lamunta: motar da ke ƙona lita 90 na fetur a kilomita dubu, iyakarta mililita 450 ke nan.

Kafin awo sai an toshe yoyo, in ba haka ba za a ɗora wa ringi laifin roba. Muka wanke injin sama da ƙasa, muka busar da iska, muka zuba ɗan rinin da ke haske a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, Alhaji ya tafi da ita kwana biyu. Da ta dawo muka ɗaga ta. Wuri biyu suka haska. Gasket ɗin murfin saman inji, wanda Larabawa ke kira wajhi, ya bushe ya tsage a kusurwar baya, man yana gangarowa kan salansa yana ƙonewa a can, shi ya sa Alhaji bai taɓa ganin ɗigo a ƙofar gida ba, sai ƙauri kawai idan ya tsaya a ishara, wato danja. Na biyun shi ne suwic ɗin fitilar mai, yana tsatsa ta cikin soket ɗin wayarsa. Sufa (robar da ke tare mai) ta gaban karanshaf da ta baya, bakin saifon (filtar mai), notin karter (kaskon mai na ƙasan inji), duk a bushe.

Mutane suna raina ɗigo. Ɗigo ashirin kusan mililita ɗaya ne. In mai yana ɗiga sau ɗaya a kowane daƙiƙa goma yayin da inji ke aiki, awa ɗaya ɗigo 360 ne, mililita 18. Kilomita dubu a cakuɗen gari da babban titi yakan ci awa ashirin. Mililita 360 ke nan sun tafi ƙasa, inji bai ƙona ko ɗaya ba. Kuma irin yoyon suwic ɗin nan sai inji na aiki yake zuba, don haka kwalin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin mota da dare ba ya kama shi. Ruwan da ke ɗiga ta gefen fasinja kuwa na esi ne, a bar shi.

Muka sake gasket da suwic. Da muke wurin muka ci karo da abubuwa biyu da ba yoyo ba ne amma suna kashe inji a ƙasar nan. An cire tamostat, abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi zafi. Al'ada ce da ta bi mu daga gida, ana cewa ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Illarta ita ce inji ba ya kai zafin da aka gina shi a kai, musamman da asuba da lokacin hunturu a kan babban titi, kwamfuta ta ci gaba da ba shi fetur da yawa, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya sauka cikin mai ya tsinka shi. Muka mayar da sabo. Na biyu, ɗaya daga cikin ƙugiyoyin akwatin filtar iska ya karye, murfin bai zauna ba. Da muka zura yatsa cikin tiyon da ke bayan filta, sai ga ƙura ja mai laushi kamar gari. Ƙurar da ta wuce filta ta haɗu da mai a bangon silinda, sanfefa ce. Muka gyara akwatin, muka sa sabuwar filta.

Sai awon kansa, wanda shi ne zuciyar aikin, kuma a nan aka fi yin ganganci.

Muka yi juye da injin da zafinsa, muka bar man ya tsane minti goma sha biyar, sabon saifon, sabuwar washa a notin ƙasa. Muka zaɓi mai mai lambar kauri 5W-30 da littafin motar ya ambata, muka ce wa Alhaji shi za a riƙe har a gama, don kafin nan wani juyen 20W-50 ake zuba masa, wani 10W-30, duk abin da hannun yaron banshar, wato shagon faci da juyen mai, ya kai. Ba mu ƙirga robobi ba, da kofin awo muka zuba, saboda wasu robobin da ake sayarwa a nan lita ɗaya ne cif, wasu kuma mililita 946, kuma a roba huɗu bambancin ya haura mililita 200.

Daga nan muka koyi harshen gejin motar. Muka zuba lita 3.2, muka tayar da inji minti biyar, muka kashe, muka jira minti goma. Man ya tsaya a ɗigon ƙasa, wato alamar ƙasa da ke jikin geji. Muka riƙa ƙara mililita 250, muna jira, muna ɗaukar hoton geji kusa da rula. A ƙari na huɗu ya taɓa ɗigon sama. Wato a wannan motar tsakanin ɗigo biyu lita ɗaya ce, kuma cikinta lita 4.2. Ba kowace mota ce haka ba, wasu lita ɗaya da rabi ne tsakanin ɗigon biyu, shi ya sa "ta sauka rabin geji" ba lamba ba ce sai an san gejin. Muka ɗiga fenti a murfin zuba mai da notin ƙasa don mu gane in an taɓa, muka rubuta kilomita: 238,410.

Sharaɗin dubawa ba ya canzawa: wuri ɗaya mai shimfiɗaɗɗen siminti, inji da cikakken zafinsa, a kashe, a jira minti goma, a zaro geji a goge, a mayar har ya zauna, a sake zarowa, a karanta ɓangaren da ya fi ƙasa. A Makka wannan maganar shimfiɗaɗɗen wuri ba wasa ba ce, don rabin unguwanninmu a jikin dutse suke. Motar da aka faka hancinta sama za ta iya nuna ƙarin rabin lita ko ragin rabin lita, ya danganta da inda gejin yake a karter. Wanda ya duba nan take bayan kashe inji zai ga ƙasa, don man bai gama saukowa daga sama ba, sai ya ƙara, ya cika fiye da kima. Man da ya wuce ɗigon sama karanshaf ne ke bugunsa ya yi kumfa, ya watsu sama, inji ya sha shi da gaggawa. Akwai masu mota da ke ciyar da "shan mai" da hannunsu ta haka.

Muka roƙi Alhaji ya yi tuƙinsa na kullum, Jidda da cikin gari, ya bar Madina sai an gama. Dalili shi ne zuwa da dawowa Madina kusan kilomita 900 ne, kuma a titin da ake gudun 140, inji mai lita biyu yana juyawa da sauri na awanni, shan man yana hawa, sai lambar ta ƙi gwaduwa da ta gaba. Akwai kuma wata yaudara da ke faruwa a irin wannan tafiya. Motar da ta yi wata tana gajerun tafiye-tafiye, fetur da danshi sun taru cikin manta, geji ya nuna kamar ba ta sha komai ba. Ranar da ta hau titin Hijra, babban titin Makka zuwa Madina, ta yi zafi sosai, fetur ɗin ya tashi, geji ya faɗi lokaci guda, mai ita ya rantse a tafiya ɗaya ta shanye lita. Ta daɗe da sha, fetur ne ya cike gurbin.

Ya dawo a 239,590, fentin bai motsa ba. Muka cika da kofin awo har ɗigon sama: mililita 650. A raba da 1.18, ya ba da 550 a kilomita dubu. In da littafin da ya ce lita ɗaya za a bi, da an ce masa ba komai. In da maganar farko za a bi, da inji yana ƙasa. Mu abin da muka gani shi ne lita biyu da kwata uku kafin kowane juye, kuma yanzu tabbas ƙonewa take yi, ba zuba ba.

Hanya uku mai ke bi ya shiga wuta a injin da ba shi da turbo: ta bawul ɗin numfashin karter, ta robobin sandar bawul, ko ta ringi. Muna farawa da mai araha, kuma abu ɗaya muke canzawa kafin a sake awo, don a san wane ne ya yi aikin.

Bawul ɗin numfashi, PCV, wanda a nan ake ce wa balf tabkhir, ɗan ƙaramin abu ne bai kai babban yatsa ba, a jikin murfin saman inji. Iskar da ke sulalewa ta gefen ringi zuwa karter, shi ke mayar da ita cikin manifol, bututun da ke kai iska cikin silinda, a ƙona. In ya toshe, iska ta taru a ciki ta tura mai waje ta kowace roba, kuma sau da yawa shi ne asalin yoyon gasket. In ya maƙale a buɗe, inji ya riƙa zuƙar hazon mai kai tsaye. Muka zare shi muka girgiza kusa da kunne. Mai lafiya yana ƙara kas-kas. Wannan shiru. Muka hura ta gefe biyu, iska ta wuce duka biyun. Tiyonsa jiƙe yake sharkaf, kuma da muka cire bakin totur muka haska cikin manifol, akwai ɗan kududdufin mai a ƙasansa. Muka sa sabo na asali, muka wanke manifol. Kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Awo na biyu: kilomita 1,050, mililita 400. Wato 380 a dubu. Ya sauka, amma da saura.

Alhaji ya ce shi bai taɓa ganin hayaƙi ba. Gaskiyarsa. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, dabbat talawwus, idan ta yi zafi tana ƙone yawancin shuɗin hayaƙin kafin ya fito, tana kuma mutuwa a hankali da tokar man. Don haka hayaƙin sai an yi masa kwanto. Muka sa motar ta kwana a warsha. Da safe mutum ɗaya ya tsuguna a baya, aka tayar. Shuɗin hayaƙi ya fito na daƙiƙa huɗu ko biyar da ƙaurin ƙonannen mai, ya ɗauke. Muka bar ta a sulo minti ashirin da esi, aka taka totur, wani guntun ya sake fitowa. Farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi da ba ya ɗaukewa na ruwan lagireto ne, baƙi na fetur ne, ba mu ga ko ɗaya ba.

Gwajin da ya fi fayyace mana shi ne na Hada, hanyar dutsen da ke tsakanin Ɗa'if da Makka. Alhaji yana da tafiya Ɗa'if, sai ɗaya daga cikin yaran warsha ya bi shi a wata motar wajen dawowa. Saukowa daga Hada tafiya ce mai tsawo a ƙaramar giya, ƙafa ba ta kan totur. A wannan hali totur a rufe yake, inji yana juyawa da sauri, zuƙar da ke cikin manifol ta kai matuƙa, kuma duk robar bawul da ta saki sai ta bar mai ya bi sanda ya sauka. Duk tsawon gangaren babu abin da ya fito. Da suka iso ƙasa wajen Kar, Alhaji ya taka totur karo na farko, gajimaren shuɗin hayaƙi ya tashi ya rufe gaban motar yaron, bayan mita ɗari biyu ya wanye. Wajen hawa kuwa, lokacin da injin ke ja da dukkan ƙarfinsa, Alhaji ya ce bai ga komai a madubi ba. Injin da ringinsa suka mutu ya fi yin hayaƙi a hawa da lokacin da aka danna masa. Na robobin bawul yana yi da safe, bayan dogon sulo, da bayan gangare.

Duk da haka ba mu tsaya a hayaƙi ba. Muka cire filogi huɗun muka jera su bisa tsari. Na ɗaya da na biyu launin toka-toka mai tsabta. Na uku da na huɗu suna da busasshiyar toka fara-fara da ta taru a gefe ɗaya na bakin, alamar mai yana saukowa ta bawul ɗin da ke wannan gefen. Babu wanda ya jiƙe baƙi ƙirin. Sai gwajin matsi: inji da zafi, filogi duka a waje, fiyus ɗin famfon fetur a cire, totur a buɗe gaba ɗaya, batir mai ƙarfi, a juya sau biyar ko shida. Muka samu 178, 180, 175, 172 psi. Tazarar babba da ƙarami ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma abin da ake tsoro shi ne ta wuce 10. In da wata silinda ta faɗi, da mun zuba mata cokalin shayi na mai mun sake: in ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba bawul ne ko gasket ɗin kai. Muka kuma tura iska cikin kowace silinda da fistin a sama, muka ga tana riƙewa, yoyon bai wuce kashi 8 zuwa 12 ba, ɗan sautinsa ta murfin zuba mai yake fitowa, babu kumfa a lagireto.

Wani abu da ya kamata kowane mai mota ya sani, don da shi ake yaudarar mutane ta fuska biyu: matsi mai kyau ba ya wanke ringin mai. Fistin ringi uku gare shi. Biyu na sama su ke riƙe matsi. Na ƙasa shi ke kankare mai daga bango ya mayar da shi karter ta wasu ƙananan huda da ke bayansa a jikin fistin. Idan mai ya daɗe bai canza ba yana dahuwa a zafi, gawayi ya toshe hudojin, ya ɗaure ringin a raminsa. Matsi yana nan 180, mota tana gudu kamar sabuwa, tana kuma shan lita. Wannan ne ya faru da wasu injinan Toyota 2AZ-FE na lita 2.4 na wajen 2007 zuwa 2009, har kamfanin ya fitar da sanarwar gyara da sabon fistin. Don haka muka zura 'yar kyamara ta ramin filogi. Inda ringin mai ya saki, gefen kan fistin yakan wanke tas yana ƙyalli, tsakiya na da gawayi. A nan gawayin ya rufe kan fistin ko'ina, sai ɗan wankewa kaɗan a na huɗu. Zanen gicciye na bangon silinda yana nan, da 'yan siraran karce na ƙurar nan. Da muka juya kyamarar sama, bayan bawul ɗin shiga na silinda ta uku da ta huɗu jiƙe yake da mai.

Robobin bawul ke nan, jild al-buluf. Ba sai an sauke kan inji ba. Muka daidaita alamomin taimin, muka ɗaure sarƙa don kada ta zame, muka cire kamshaf biyun. Kowace silinda muka kawo fistinta sama, muka riƙe karanshaf, muka tura iska kamar bar 6 ta ramin filogi don bawul kada ya faɗa ciki. Wanda ba shi da kwamfuresa yakan cusa igiya mai laushi ta ramin ya matse ta da fistin, ita ma tana yi. A danne sifirin, a ɗauke 'yan makullan nan biyu da ke riƙe shi a kan sandar bawul da maganaɗisu, kuma kafin nan a toshe ramukan komawar mai da tsumma, don makulli ɗaya in ya faɗa karter aikin yini ya zama na kwana biyu. Tsofaffin robobin sun fito ƙandas kamar ƙashi, biyu sun dare a bakin filaya. Robar da ta shekara goma sha tana dahuwa a zafin Makka da sulo na awanni ba za ta wuce haka ba. Kafin sa sababbi muka girgiza kowace sanda a raminta, don in ramin ya buɗe sabuwar roba ba za ta yi wata shida ba, sai makhraɗa, wato shagon masu sassaƙa ƙarfen inji. Babu wadda ta yi wasa. Robobi goma sha shida ne, na shiga da na fita ba iri ɗaya ba ne ko da sun yi kama, sau da yawa launi ke raba su. A shafa musu mai, a rufe kan sanda da 'yar hular roba don kaifin ramin makulli kada ya yanke leɓen, a danna har su zauna, ba da guduma ba.

Awo na uku: kilomita 1,240, mililita 210. Kusan 170 a dubu. Ragowar nan ta ringi ce da bangon da ƙura ta taɓa, kuma ba ta kai a buɗe inji ba.

Alhaji ya tambaya ko a koma 20W-50, ko a zuba irin maganin nan mai kauri kamar zuma, don sauran ya ɗauke. Muka ce a'a. Mai kauri yana rage lambar kaɗan, amma a injin da ke sarrafa taimin da ƙarfin mai yana jinkirin isa sama da safe, kuma ya fi wuyar komawa ta hudojin da dama sun fara cushewa. In lamba ta hau nan gaba, hawa mataki ɗaya zuwa 5W-40 ko 10W-40 ya isa, in littafin motar ya yarda da shi. Maganin wanke ciki mai ƙarfi ma ba mu ba shi shawara ba a injin da ya tsufa haka, don dattin da ya ɓamɓare yakan je ya toshe ragar famfo. Abin da ke riƙe ringin mai shi ne juye a kan lokaci da mai na gaskiya daga wurin da aka amince da shi. Kilomita 5,000 ko wata shida, kuma ya tuna awannin da yake tsaye da esi yana jiran fasinja ba sa hawa kan mita amma suna hawa kan mai.

Taudib yana da lokacinsa. Idan bayan an toshe yoyo, an sake bawul ɗin numfashi da robobi, lamba ta tsaya kusa da lita a dubu, filogi na jiƙewa cikin 'yan makonni, an buɗe murfin mai ana sulo yana huci kamar tukunya, matsi ya faɗi kuma ya tashi da cokalin mai, to a sauke. A ranar kuma kada a yarda da zura sababbin ringi kawai. A auna silinda sama da tsakiya da ƙasa, a goge bangon ya sami sabon zane, a buɗe hudojin bayan ringin mai ɗaya bayan ɗaya, a auna bakin kowane ringi a cikin silindarsa, a karkasa bakunan kada su yi layi. Sabon aiki ma yakan ɗan sha mai a kilomita dubu biyu ko uku na farko kafin ringi su zauna, ba a yanke masa hukunci a makon farko.

Muka rubuta wa Alhaji a takarda muka manna a bayan murfin akwatin gaban mota: 5W-30, lita 4.2 da saifon, tsakanin ɗigo biyu lita ɗaya. Duba geji duk Juma'a da kuma kafin da bayan Madina. A kilomita 3,000 bayan juye ƙara rabin lita. In rabin litar nan ta fara tafiya kafin kilomita 1,500, a dawo da ita mu sake awo daga farko.